Tanti Ramatu ta Ɗakin Talho

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni. Tanti Ramatu ta rasu.

Ina shanya a tsakar gida salulata ta yi ƙara, lamba ce da ban sani ba. Na bar ta ta katse har sau biyu, don 'yan damfara sun ishe mu kwanan nan. A na uku na ɗauka. Fati ce, autarta, da salular maƙwabciya. Ta ce, "Anti Hadiza, Inna ta tafi bayan asuba."

Na zauna bakin famfo da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ban san daɗewar da na yi a wurin ba.

Da yawanku ba ku san ta ba.

Ina da shekara goma sha tara na zo Yamai daga wani ƙauye arewa da Tawa, aka ɗauke ni aiki a wani biro, wato ofis, mai rabon hatsin taimako. Lokacin babban fari ne, soja ke mulki. Aka zaunar da ni a ɗakin talho kusa da Tanti Ramatu, in koyi haɗa masu kira da waɗanda suke nema.

Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, a kasuwa ta koyi Hausa. In ta yi sauri takan ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai". In muka yi dariya, ita ta fi mu yi.

Ta lura ba na fita cin abincin rana. Ba ta tambaye ni dalili ba. Washegari kwanon dambunta ya zo da cokali biyu, kuma haka ya ci gaba da zuwa.

A zamanin ba a ganin lambar mai kira. Murya kawai za ka ji, kuma murya tana iya zama komai. An taɓa kira aka tambaya ko wani mai buga mana takardu yana nan, aka ce yana nan. Kafin la'asar motar jami'an tsaro ta zo ta tafi da shi, sai bayan watanni muka sake ganinsa. Tun daga ranar, duk wanda ya ƙi faɗin sunansa sai in zare layi.

Wata rana ta kama ni ina yi. Ta ce, "Ƙanwata, kar ki ce masa wane yana nan, kar ki ce ba ya nan. Amma kar ki yanke. Gaishe shi, ki bar shi ya yi magana. Wani tsoro ne ya hana shi faɗin suna, kamar yadda ke ma kike ji."

Ni kuwa a lokacin wata biyar rabona da labarin gida. Na aika wasiƙa biyu, shiru. An ce shanu sun ƙare, ƙauyenmu ya watse, kowa ya yi kudu. Ina haɗa layukan mutane, hankalina yana kan hanyoyin da ban sani ba.

Wata Talata wani mutum ya kira. Layin yana shuu kamar yayyafi a kan kwano. Ya ce, "Hadiza ɗiyar Malam Isuhu nake nema."

Na ce, "Wa ke magana?"

Ya ce, "Ba sai na faɗa ba."

Na yanke. Laraba ya sake kira, na sake yankewa. Ranar Alhamis na sake jin muryarsa. Na toshe bakin talhon na ce, "Tanti, don Allah ki ce masa babu mai wannan suna a nan."

Ta karɓa. Har yanzu ina ganinta: ta lumshe ido, hasken tagar ɗakin guda ɗaya yana kan ɗankwalinta. Ta gaishe shi a natse, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, kamar ta san shi tun da. Sannan ta ce, "Daga ina kake kira?" Ya ce daga gidan waya na Konni. "Wa ya aiko ka?" Ya ce wata tsohuwa. Ta ce, "To da wane suna tsohuwar take kiran yarinyar a gida?"

Ta saurara, ta buɗe ido, ta dube ni.

"Wace ce Tanoma?"

Duk duniya Innata kaɗai ke kirana haka.

Ashe direban kamyo ne, babbar motar kaya. Ya tarar da Inna da ƙanwata Balki a bakin hanya, ya ɗora su a bayan motar hatsi da ta dawo ba kaya, abin da aka hana su yi. Ya sauke su a bayan gari, inda mutanen da fari ya koro suka kafa rumfuna. Inna ta nuna masa tsohuwar wasiƙata mai lambar biro a kai. Kwana goma suna cikin Yamai ban sani ba. Shi kuma yana tsoron in an ji a kore shi, ko abin da ya fi haka.

Tanti ta daɗe tana saurarensa bayan nan, tana cewa "Allah sarki." Ta shiga wurin darekta ta nemo mana izini, ta tare taksi.

Rumfunan buhu ne iyakar ganinka. Muka yi ta bi muna leƙawa. Sau biyu na wuce mahaifiyata ban gane ta ba, sai da ta kira ni.

A nan Inna ta gaya min Baba bai iso ba, a hanya aka yi masa sutura. Tanti ta riga ta ji daga bakin direban. Ta riƙe maganar tun daga biro, ta bari in ji ina jikin uwata.

Ɗaki ɗaya muke haya mu huɗu a unguwar Yantala, ba inda zan sa su. Ban ma buɗe baki ba ta ce wa mai taksi, "Kirkissoye." Unguwarsu ke nan, a ƙetaren kogi.

Muka hau gada rana tana faɗuwa. Kogin ya janye, ya zama 'yan zare-zaren ruwa masu ƙyalli a cikin yashi, mutane suna tafiya da ƙafa inda da jirage ke bi. Balki ta yi barci a cinyar Tanti. Wani lokaci in na tuna yammacin nan sai in ga kamar mafarkinsa na yi.

Wata bakwai suka yi a gidanta. Inna ba ta jin Zabarmanci, surukar Tanti ba ta jin Hausa, amma wuni suke yi a tabarma ɗaya suna tsinkar zogale, kowacce tana ba da labarinta.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Idonta ya dushe, salularta tana ɗaure a bakin zane. Jikoki suka kawo min ƙara, wai sun hana ta ɗaukar baƙuwar lamba ta ƙi. Muna zaune kuwa wani ya kira, wai ta ci kyauta, ta karanto masa lambobin da aka turo mata. Ta ce, "Ɗana, ido babu. Yaya mahaifiyarka? Ka ci abinci yau?" Sai ya kashe. Ta yi dariya har da tari.

Da zan tafi ta riƙe hannuna. Ta ce, "Kin san har yau ina tuna direban nan? Sau uku ya biya kuɗin kira don mutanen da bai sani ba. Ko sunansa ba mu ji ba."

Na ce zan dawo kafin damina. Ban koma ba.

Ya Allah ka gafarta wa Ramatu, ka haskaka kabarinta, ka shayar da ita kamar yadda ta ciyar da mu a shekarar da babu. Ka ba Fati da 'yan'uwanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ku haɗa da direban nan na Konni, ko yana raye ko ya riga mu. Allah ya san sunansa.