Amin ɗin da Mama ta riƙe

Ranar Litinin ta farko bayan Ista, shekarar da nake aji biyar a firamare, Mama ta ƙi cewa amin. Muna durƙushe a falonmu a Romi da sassafe, mu huɗu: Baba, Mama, ni da ƙanena Ishaku. Al'adar gidanmu ce, kafin a ɗora tukunya ko a taɓa tsintsiya sai an yi waƙa ɗaya, an karanta Littafi Mai Tsarki, mutum ɗaya ya yi addu'a sauran su amsa. Ran nan Baba ne mai addu'a. Kwanansu uku ke nan, shi da Mama, da dawowa daga asibiti a Zariya, inda aka ɗauki hoton kansa aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa, a wurin da likitoci suka ce ba ya taɓuwa. Bai roƙi waraka ba. Cewa ya yi, "Ya Ubangiji, in lokacin ne, ka ɗauke ni da hankalina, kada ka bar ni in wahalar da matar nan." Ni da Ishaku muka ce amin don bakinmu ya saba. Mama ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta fita hura gawayi.

Baba kafinta ne, rumfarsa tana bakin hanyar Trikania, kuma mutum ne da ba ya barin ƙusa a karkace. Tun kafin ciwon kan ya tsananta, shi ya fara gane akwai matsala, ranar da ya ga zarto yana kauce wa layin da ya zana da hannunsa. Mama kuwa 'yar zumuntar mata ce, ita ke buga musu tulu in suna waƙa a coci, kuma in ta kafe a kan abu sai dai a bar ta. Ta shiga azumi. Duk safiyar da addu'a ta faɗo kanta, sai ta roƙi Allah ya narkar da ƙarin nan, mijinta ya koma rumfarsa, Baba kuma ya amsa mata da amin mai ƙarfi. In tasa ranar ta zo, ya maimaita roƙonsa, ita ta yi gum. Abin yana cinsa, don ya sha faɗa mana, "Addu'ar da mata da miji ba su haɗu a kanta ba, a bakin ƙofa take tsayawa." Sau ɗaya na ji ya tambaye ta, "Maman Rifkatu, ba ki amsa ba." Ta ce, "Ban ji ba." Ya ce, "Kunnenki lafiya lau yake." Ta ce, "To na ji. Ba da bakina za a sallame ka ba."

Ni dai ban ji komai a raina ba, gaskiyar ke nan. Na ci gaba da jan ruwa a rijiya, ina kai niƙa inji, ina share tsakar gida har ƙarƙashin bishiyar mangwaro. A makaranta na yi 'yar gala-gala da carafke kamar kowa, har ina cinye ƙawayena, malamai na kallona da tausayin da ban san me zan yi da shi ba. Damina ta sauka, muka shuka masara da kuɓewa a 'yar gonarmu ta bakin rafi, Baba na zaune a kan kujerar da ya haɗa da kansa yana gyara mana layi da baki. Matan coci suna kawo kwanukan abinci, ni kuma ina cin shinkafarsu da marmari. Har yau ina jin kunyar daɗin da ta yi mini.

Kafin masara ta nuna, hannunsa na hagu ya mutu. Ya fara kirana da sunan yayarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba. Wata rana da hantsi Mama na ba shi kunu, sai ya buge kofin, ya zage ta, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Can da hankalinsa ya dawo, ya ga kunu a jikin zaninta, ya tambayi wanda ya yi haka. Ya dubi fuskokinmu, ya gane. Ya juya fuskarsa bango.

Washegari ranar addu'arsa ce. Ba ya iya durƙusawa, don haka muka kewaye gadonsa. Ya ce, "Ya Ubangiji, in lokacin ne," sai maganar ta maƙale. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Muka jira, har ina jin zakaran maƙwabta. Sai Mama ta kama hannunsa mai rai, ta ɗauki addu'ar daga inda ya tsaya ta kai ta ƙarshe, ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce amin, a hankali, kamar mai sauke tulu daga ka. Bayan kwana tara Baba ya cika da rana tsaka, yana kiran kowa da sunansa daidai. Lokacin ina layi a inji, kuma da aka zo aka faɗa mini sai da na tsaya aka gama niƙa mini dawar.

Yanzu ina Unguwar Boro da mijina da yara biyu. Addu'ar safe a tsaye muke yinta, wani na neman safa, wani na cusa burodi a jaka. In aka ce wani ba shi da lafiya, sai waya ta cika da amin, nawa ma a ciki, ina turawa ina juya miya. Bara na tambayi Mama me ya sauya mata ra'ayi a safiyar nan. Ta ce, "Ra'ayina bai sauya ba, Rifkatu. Allah ba ya jiran amin ɗina. Babanku ne ke jira." Ranar na yi kukan da ban yi ba ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ban ƙara jin amin mai nauyin wancan na Mama ba.