Baba Gishiri da Tattabarar Jikansa

Baba Gishiri maƙaryaci ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. A wajen aiki kam ba ya yi. In ya ce maka tiyub ɗinka ya mutu, to ya mutu, ka je ka nemi sabo. Amma da zarar labari ya shiga bakinsa, kare ɗaya sai ya zama uku, kududdufi ya zama kogi. In aka tsare shi sai ya yi dariya, ya ce ai haka ya fi daɗi. Matarsa ta daina yi masa faɗa tun 'ya'yansu suna ƙanana. In ya fara, tsintsiya take ɗauka ta fita tsakar gida.

Faci yake yi a wata rumfar kwano a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai fenti. Kayan aikinsa famfo ne, da gam, da guntayen roba, da daron ruwa da yake tsoma tiyub don ya ga inda iska ke fita. Bai yi nisa a makaranta ba, ubansa ya cire shi ya kai shi koyon gyaran keke. Amma ya fito da iya karatu, da kuma jarabar littafin labari. Duk wanda ya gani a shimfiɗe a ƙasa wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, sai ya tsuguna. Cikin wani mataccen firji yake jera su a bayan rumfa, saboda ɓera da ruwan sama. Babu shafin da ba ya ɗauke da baƙin tambarin yatsansa.

Yaran layin suna zuwa wajensa ne don ya hura musu ƙwallo. Ya taɓa miƙa wa wani littafi, yaron ya ja da baya kamar an nuna masa allura. Daga nan bai ƙara ba. Labari kawai yake ba su suna zaune a kan tayoyi, shi kuma yana goga tiyub.

Wata rana yana ba su labarin wasu matuƙan jirgin ruwa, sai ya ce kyaftin ya kashe ƙaton kifi da ludayi. Ɗan tela, wani yaro mai bakin tsiya, ya ce wannan kam ƙarya ce. Baba ya nuna firji da haɓa, ya ce littafin na nan, mai koren bango, in yana da ja ya je ya duba. Yaron ya ɗauka don haushi kawai.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a guje, yana ɗaga littafin sama tun daga bakin layi.

"Na kama ka, Baba! Mashi ne, ba ludayi ba. Kuma ba kyaftin ba ne, kuku ne."

Baba ya yi tsaye da famfo a hannu. Kifin nan sai dab da ƙarshe yake fitowa. Wato ɗan banzan nan, da uwarsa ke kuka da shi kan ko allon talla ba ya karantawa, ya cinye littafin kaf. Ranar Baba sai da ya manna faci a inda babu huji.

Daga nan ya mayar da ƙarya sana'a ta biyu. Kowane littafi ƙarya ɗaya yake sa masa, kuma ba ya ajiye ta a farko, can ciki yake binne ta, inda sai an sha tafiya. Yara suka shiga farauta. Sai ka ga biyu sun haɗa kai a kan shafi ɗaya suna ture juna, na uku yana leƙe ta sama yana cewa a jira shi kafin a juya. Wanda ya riga kamawa, shi ke zama kan babbar tayar mota ranar. Wani lokaci ƙwallon ma a hure take, tana gefe babu mai kallonta. Tela ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutumin da ake kira maƙaryaci yana washe baki haka ba.

Yaro ɗaya ne bai shiga hannu ba, kuma shi ne wanda Baba ya fi so ya shiga. Jikansa ne, ɗan babban ɗansa, ana ce masa Dogo. Dogo ya sha ƙaryar kakansa tun yana goye, ba ta ɗaga masa gira. Ko Baba ya ce jaki ya tuƙa mota, sai ya ce, "To, Tsoho," ya wuce. Uban kuma ma'aikacin ofis ne. Tun yaron na ƙarami yake zaunar da shi ya karanta shafi, sannan ya rufe littafin ya hau shi da tambayoyi, in ya kasa ya ja masa kunne. Dogo ya tashi yana ƙin takarda kamar yadda wasu ke ƙin asibiti.

Abin yana cin Baba, don idanunsa sun fara janyewa. Baƙaƙen sun fara rawa, sai ya fita da littafi cikin rana tsaka yake iya bin layi. Ɗansa ya riga ya faɗa masa cewa ranar da ya bar rumfa, 'yan gwangwan za su kwashe firjin, littattafan kuma masu ƙunshe kaya su samu takarda. Baba yana so kafin hasken ya ƙare a samu mutum ɗaya a jininsa da zai buɗe firjin nan don kansa.

Dogo ba shi da magana sai ta tattabaru. Ya kafa musu ɗaki da katako a bayan gida, ya san kowace da halinta. Baba ya bi masu tsofaffin littattafai ɗaya bayan ɗaya, har ya samo labarin wani yaro da tattabarunsa a lokacin ambaliya. Ya karanta shi da ƙyar, idanu na hawaye. Sannan ya jira lokacin da Dogo ke kawo masa abincin rana.

Bai ko kalle shi ba. Ga sauran yaran ya juya, ya ce tattabarar nan ta labarin ta yi ƙwai biyar a sheƙa ɗaya.

Dogo ya ajiye kwano, ya kai bakin rumfa, ya tsaya.

"Tattabara ba ta ƙwai biyar. Biyu take yi."

Baba ya ce shi dai abin da marubuci ya rubuta ya faɗa.

"To marubucin bai taɓa ganin tattabara ba."

"Yana cikin firji, abokina. Je ka gaya masa."

Dogo ya ja tsaki ya tafi, hannu a aljihu. Baba ya ci abincin nan bai ji ɗanɗanonsa ba. Amma washegari da ya buɗe firji don ɗaukar gam, gurbin littafin wayam. Ya rufe, ya sake buɗewa, ya ga dai babu. Ya ɗauki gam ya koma bakin aiki. A gida matarsa ta ce ba ta san abin da ya samu yaron nan ba, yana can bayan ɗakin tattabaru a zaune, an kira shi cin abinci har an gaji. Baba ya ce wataƙila zazzaɓi ne. Ta dube shi ta ce ƙaryarsa ta fara tsufa.

Ranar da Dogo ya dawo, Baba yana tsugune gaban daro da tiyub ɗin wani mai babur. Yaron ya shigo idanu jajur, ya dangwarar da littafin a kan taya.

"Biyu ne, Tsoho. Kai ne ka ƙara uku. Mutumin nan ya san tattabara, har ya san namijin ne ke kwanci da rana." Ya dubi kakansa. "Amma don me ya bar shaho ya ɗauke namijin? Saura kaɗan fa ya iso gida. Kuma ba ka gaya mini ba."

Baba ya ce ai ba a tambaye shi ba. Dogo ya ci gaba da zazzaga wa marubucin masifa, yana buɗe shafi yana nunawa, yana cewa da shi ne da ba a sake su da yamma ba. Sauran yaran da ba su karanta ba suka toshe kunne suna ihu a daina ɓata musu. Can Dogo ya dubi firji, ya tambaya ko mutumin ya rubuta wani.

Baba ya saki tiyub. Tiyub ɗin ya yi tsalle daga cikin daron ya watsa wa mai babur ruwa a wando. Mai babur ya fara faɗa, Baba ya kama hannunsa yana girgizawa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Labari ya kai gida. Uban Dogo ya ji daɗi ƙwarai, ya sayo sabon littafin rubutu, ya ce daga yau duk abin da yaron ya karanta ya taƙaita masa a shafi ɗaya. Hedimastan makarantar layin shi ma ya ji, ya zo har rumfa tare da uban, ya ce zai shirya gasa, a yi wa yaran tambayoyi a ba na ɗaya kyauta. Dogo yana jin haka ya mayar da littafi na biyun da ya ɗauka, ya fice.

Baba ya goge hannunsa da tsumma, ya zaunar da su biyun a kan taya. Ya ce ya gode, ya san alheri suke nufi. Amma ya ce abu ɗaya yake roƙo, wajensu da wajen duk wani uba a layin.

"In kun ga yaro da littafin firjin nan, ku wuce kamar ba ku gan shi ba. Kada ku tambaye shi darasin da ya koya, kada ku ce zai taimake shi a jarrabawa. In kuma bakinku ya ƙi shiru, to ku ce masa ɓata lokaci yake yi."