Ranar da Kawu Ya Ƙona Waƙar Malam Shiru

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata, 'yan kwanaki bayan an binne Malam Shiru, na sauka daga mota a tashar Gare de Bassam na hango hayaƙi yana tashi daga tsakar gidanmu. Na ɗauka shara ake ƙonawa. Da na shiga sai ga Kawu Sale tsugune gaban rabin duro, yana jefa takardu a wuta, takardun nan masu layi biyar-biyar da ɗige-ɗige da ake rubuta sautin waƙa a kai. Waƙar ce! Aikin da bawan Allah ya yi fiye da shekara goma yana yi, kwafi ɗaya tal a duniya. Kafin in kai bakin duron, murfin kwalin da Malam ke ajiye su a ciki kaɗai ya rage.

Tun daga wannan rana, gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da Kawu. Ku 'yan gidanmu kun ce in rubuta wani abu na tunawa da tsohon, tunda ni ce 'yar ɗakinsa. To ga shi. Amma ku sani da fushi na rubuta, kuma rabin fushin na mamacin ne.

Sunansa na yanka Valdis, amma wa ya taɓa kiransa haka? Kalmar Hausa ta farko da ya koya ita ta zama sunansa. Zai fito ƙofar ɗakin da yake haya a gidanmu, dogo, farin gashi a yamutse, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Shiru!" A unguwarmu Treichville ta Abidjan fa! Inda babbar mota ke wucewa zuwa tashar jiragen ruwa har kwanuka su yi rawa a kan kanta. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama, yara su daskare, shi kuma ya karkata kai yana sauraren abin da shi kaɗai ke ji. Can ya ce, "To, ci gaba," ya koma ciki.

Hajiya Inna, kakata, ta taɓa tsare shi ta ce sai ya faɗa mata abin da ya koro shi daga garinsu. Ya zauna ya ba ta labari, Hausa rabi, Faransanci rabi, ni ina cike gurbi. Ƙasarsu Latbiya, can arewacin Turai. Mutanensu, in ji shi, sukan taru dubbai su yi waƙa baki ɗaya, shi kuma aikinsa ke nan, rubuta wa ƙungiyoyin mawaƙa abin da za su rera. Ya yi suna, har lambar yabo aka ba shi. Sai wata rana aka rera waƙarsa a wani babban zaure a Riga, babban birninsu. A tsakiyar waƙar ya rubuta a yi dogon shiru. Jagoran mawaƙan ya ga shirun ya yi tsawo, ya rage shi. Malam ya miƙe cikin taro ya kira shi ɓarawo. Bai daɗe ba ya bi jirgin kayan da ƙanensa ke wa aikin inji, da jirgin ya tsaya a Abidjan ya sauka, ya ƙi komawa.

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Tsaya, Malam. Wato ba kuɗi aka sace maka ba, ba mata ba. Shiru aka rage maka?"

Ya ce, "Shiru, Hajiya."

Ta ce, "Shi ne ka zo nemansa a Treichville? Kai, Allah ya ba ka lafiya!"

Sai ranar da na raka shi kasuwar Adjamé neman wayar piyanonsa da ta tsinke. Muna tsakiyar titi wata gbaka, cikin ƙananan motocin hayan nan, ta danna mana oda. Ni na yi tsalle gefe. Shi ya tsaya cak gaban motar, ya ɗaga yatsa, ya ce wa direba, "Sake!" Direba ya sake dannawa, don ya kauce. Malam ya girgiza kai ya ce odar tana da murya biyu kuma ba su jitu ba, a gyara ta ƙasan. Layin motoci ya taru a baya, kowa na zagi da yaren Jula da Faransanci. Yaron mota ya leƙo ya ce, "Le vieux, kai tsoho, za ka hau ko mu hau ka?" Malam ya juyo gare ni, fuska cike da murna, ya ce, "Kin ji, Farfesa? Wannan yaron ya fi odar iya waƙa." Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ko ladan bai tsira ba. Malam ba ya sallah, amma kiran sallah bai taɓa wuce shi ba, kujera yake fitowa da ita. Wata rana Malam Habu ladan yana mura, tsohon ya tare shi a bakin masallaci da kwalbar zuma, ya ce, "Yau muryarka ta sauko ƙasa a ƙarshe. Jiya ya fi." Malam Habu ya karɓi zumar tukuna, sannan ya ce, "Ni masu sallah nake kira, Malam. In gyara kake so, ga buta can, ka shigo ka yi daga ciki."

Tsumulmula kuwa, ba a magana. Fensir sai ya gajarce har yatsa ba ya iya kama shi, sannan ya cusa shi cikin bututun biro ya ci gaba. Ganyen shayin da aka riga aka dafa a shanya shi a taga kamar wanki. Abu ɗaya ne ba ya ƙyashin saye, abin goge rubutu. Ya rubuta layi ɗaya da safe, ya goge biyu da yamma. Inna in ta share ƙofarsa sai ta nuna mini ɓurɓushin roba a abin kwasar shara ta ce, "Ga aikin maigidanki na yau."

To a nan fushina yake. Shi ya koya mini karanta ɗige-ɗigen nan tun ina firamare, ya laƙaba mini Farfesa don ba na rabuwa da littafi. Na san abin da ke cikin kwalin. Waƙa ce ta muryoyi zalla, ba ganga ba garaya, wadda wata ƙungiyar mawaƙa a garinsu ta roƙe shi ya rubuta. Yakan kaɗa mini gutsure a piyano yana rera sauran da tsohuwar muryarsa. Akwai wurin da muryoyin mata ke riƙe sauti ɗaya, na maza su taso a hankali daga ƙasa kamar jirgi na shigowa gaɓa. Ban taɓa jin wurin nan ba tare da tsigar jikina ta tashi ba. Duk shekara jagorar ƙungiyar takan bugo waya, duk shekara amsarsa ɗaya: "Baɗi."

Na roƙe shi har na gaji. "Malam, bari in ɗauki hotonsu a waya. Ba wanda zai gani."

"Ba a gama ba."

"In ɗakin ya yi yoyo fa? In ɓera ya ci?"

"Ɓera ya fi jagoran mawaƙa mutunci. Shi ba ya cewa ya gyara."

Haka nan! Taurin kai kamar ƙofar kwantena. Mutum ya haura saba'in, yana tari, ya ɗora aikin ransa a kan takarda ɗaya ya ce baɗi. Wane baɗi, Malam? Wa ya yi maka alkawarinsa?

Makon jiya jagorar ta bugo daga Riga, ta ji labarin rasuwar. Ta yi ta'aziyya, sannan ta tambaya a hankali ko za a iya aiko musu da waƙar, ko da ba a ƙarasa ba, su rera masa. Ni na faɗa mata an ƙone ta.

Da na ajiye wayar na yi kuka, karo na farko. Ya Allah, Kai ka san shi fiye da mu. Ya zauna cikinmu bai cuci kowa ba, ya girmama tsofaffinmu, ya koyar da ni bai gaji ba. Ka dubi wannan, Ka sassauta masa.

Washegari na hau mota zuwa shagon Kawu a Adjamé. Tun ranar hayaƙin zargina ɗaya ne: ɗakin yake so ya zuba dilolin atamfa, shi ya sa ya yi saurin kawar da tarkace. Na same shi yana auna yadi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba a rayuwata, ranar ma ban ɗaga ba.

Na ce, "Kawu, don Allah me ya sa ka ƙona? Da ka jira ni in dawo daga jami'a."

Ya ninke yadin ya ajiye.

Ya ce, "Nafisa, ba a kwana biyu da binne shi ba mai tsiren bakin layi ya aiko wai a ba shi takardun ya riƙa naɗe nama. Ni ban iya karanta rubutun Malam ba. Na ga dai mutum ya ƙare ransa a durƙushe gabansa, na ce wannan karatun addininsa ne. Mu kuwa ba ma barin rubutu mai daraja ya faɗa kwata a taka shi. Da babana ya rasu, takardun karatunsa da suka tsufa ni na ƙona su da hannuna, na haƙa rami na binne tokar. Abin da na yi wa ubana shi na yi wa Malam. Tokar tana gindin mangwaron gida, in kina so in nuna miki wurin."