Makon da Na Kusa Kashe Kifin Baba da Ƙoshi

Na ga abubuwa da yawa a garin nan, kuma yawancinsu na bar su sun wuce. Amma makon da aka bar mini amanar kifi a unguwar Romi ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Bayan an rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, na yi dako, na yi turin ruwa, na sha kwana da yunwa. Daga baya na samu gadi a gidan wata nas 'yar Kudancin Kaduna. Daga ita sai mahaifinta a gidan. Tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke masa, kullum yana kan keken guragu a falo. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne wani akwatin gilashi mai kifin ado guda bakwai. Matarsa ce ta sayo su kafin ta rasu. A cikinsu akwai wani babba ja mai doguwar wutsiya, shi Baba ke bi da ido tun safe har yamma.

Wata rana aka tura Madam, wato nas ɗin, kwas Abuja na kwana goma. Ta samo wata 'yar cocinsu da za ta kula da Baba, amma matar ta ce ita ba ruwanta da kifi. Sai Madam ta kira ni falo, ta miƙo mini wani ɗan gwangwani, ta ce in riƙa barbaɗa musu sau ɗaya a rana, kamar gishirin miya. Akwai rubutu a jikin gwangwanin, ni kuwa ban yi boko ba. Na ce to. A raina na ce wannan ai rowa ce.

Ranar farko na barbaɗa yadda ta ce. Kafin in rufe gwangwanin sun cinye, sun taru a jikin gilashi suna buɗe baki. Wanda ya san yunwa ba ya iya kallon buɗaɗɗen baki ya juya baya. Na ƙara musu. Washegari na marmasa musu burodin da na rage daga shayina. Da na ga gwangwanin ya yi ƙasa, na je Gonin Gora wurin wani abokina mai kiwon tarwaɗa, ya cika mini leda da abincin da yake ba nasa. Na ce ai kifi kifi ne. Duk lokacin da na zuba, Baba sai ya yi ta buga hannun kekensa da hannunsa mai lafiya. Ni na ɗauka murna yake yi.

Ranar ta huɗu ruwan ya koma kamar tsari, yana wari. Kifin duk sun hau sama suna haki. Ko a nan ban gane ba, na sake zuba musu. Da gari ya waye biyu sun juya ciki sama. Babban jan nan yana kwance a ƙasa, ya karkace, da ƙyar yake motsa baki. Baba ya juya fuskarsa bango. Matar da ke kula da shi ta ce ya ƙi koko, ya ƙi magani.

Na ƙulle matattun a leda na nufi wani shago kusa da Makera inda na taɓa ganin ana sayar da irinsu. Mai shagon mace ce, ba ta da wasa. Ta tambayi me na ba su, na faɗa mata ban rage komai ba. Ta riƙe haɓa.

"Malam, kifi ka ciyar ko ragon layya kake turkawa?"

Ta ce cikin ɗan kifin nan bai fi idonsa girma ba, kuma ba ya sanin ya ƙoshi. Burodi kumbura masa ciki yake, abincin tarwaɗa kuma ya yi masa girma da maiƙo, sai ya nutse ya ruɓe ya cinye iskar ruwan. Hakin da na gani ba yunwa ba ce, numfashi suke nema. Ta ce in zuƙe dattin ƙasa da tiyo, in riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum da ruwan da ya kwana a bokiti, kada in ba su komai har kwana uku. Bayan nan, abin da za su cinye kafin in gama wanke hannu, shi ke nan. Ta ce in ina so ta ba ni biyu masu kama da matattun, Madam ba za ta gane ba. Na ce Baba zai gane.

Kwana ukun nan sun fi mini dako wahala. Suna buɗe baki ina tura hannu aljihu. A hankali ruwan ya washe. Ranar ta uku babban ya miƙe daga karkacewar, amma bai bar ƙasa ba.

Da safiyar ranar ta huɗu na tura keken Baba gaban gilashin, na buɗe gwangwanin na miƙa masa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa yatsu biyu ya tsinko ɗan mitsitsi, ya ɗaga daidai idona don in gani da kyau. Na tallabi hannunsa ya saki a kan ruwa. Ƙananan suka yo ca. Babban ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, sau biyu, ya taso a hankali ya ɗauki guda. Baba ya yi wata dariya ta gefen baki, ya nuna wa matar da ke kula da shi kofin kokonsa.

Da Madam ta dawo na tare ta a bakin get na faɗa mata komai. Ta shiga ta duba mahaifinta, ta fito ta ce daga yau ni da Baba ne masu kifi. Shekara biyu muka yi, shi ke awo, ni ke riƙe gwangwani.

Abin da na koya ke nan: tausayi ba tare da tambaya ba yana kisa kamar mugunta. In aka ba ka amanar abin da ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya sani tun hannunka bai kai ba.