Barewar Vern a Bahon Arlene

Duk wanda ya taɓa farauta a wannan kwarin namu na Wisconsin ya san Arlene Tollefson. Shekararta sittin da takwas, gajera ce, ga faɗa, kuma tun tana amarya take haɗa sosej ɗin barewa a garejinta. Farauta na ƙarewa, gida goma sha ɗaya za su kawo mata gutsattsarin namansu. Ta zuba a baho guda, ta niƙa da kitse da tafarnuwa, ta ɗura a hanji, ta kyafe, kowa ya kwashi rabonsa. Ba a cewa wannan naman wane ne. Haka ta taso ta ga uwarta na yi.

Da cutar ramewa ta shigo dajin, sai ta kafa doka. Muguwar cuta ce, tana cin ƙwaƙwalwar barewa, dabba ta rame tana dalalar da miyau har ta faɗi, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukuma ta ce kada a ci, kuma ba likitan da zai rantse maka. Don haka Arlene ta ce sai an kai kan barewa gwaji, sakamako ya fito, kafin namanta ya ga bahonta. Aka yi ta mita, wai tsufa ya sa mata tsoro. Ko a jikinta.

Bana ƙanenta Vern ne ya zo ƙarshe, da naman barewar da ya harbo cikin Disamba. Hannunta dumu-dumu cikin baho, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau, Yaya! Ba ki ga kitse ba?"

"To zubo, ka ba ni wuri."

Ita gwaji take nufi. Shi kuwa amsar mafarauci ya ba ta, irin wadda yake bayarwa shekara hamsin: ya duba gashi yana sheƙi, ya duba hanta ba tabo. Alhali cutar kan yi shekara fiye da guda a jikin dabba tana kiwo da ƙibarta.

Ranar Asabar aka raba sosej. Talata da hantsi sai ga Vern a bakin gareji, hula a hannu, ya miƙo mata wayarsa. Ashe ya kai kan barewar gwaji, sakamakon ne bai jira ba. Ta karanta saƙon sau biyu. An samu cutar.

"Wace barewa ce wannan?"

"Ta Disamba."

"Wadda ka ce min ƙalau take?"

"Ai ƙalau na gan ta, Yaya."

"Gani na tambaye ka, sakarai? Gani?"

Vern ya matso ya rage murya: "Barewa ɗaya ce fa cikin goma sha huɗu. Ba wanda ya sani sai ni da ke, kuma ba wanda ta taɓa kamawa."

Wallahi sai da ta tsaya ta auna maganar, abin da ya fi ba ta kunya ke nan har yau. Sannan ta fizge makullin motarsa daga hannunsa.

Ba ta buga waya ba, don ta san halin mutanenta, za su ce to, su soya abinsu. Gida gida ta bi da jakar leda baƙa. Wani ya miƙo nasa yana mata tsiya, wai ta hana shi karin kumallo. Wata ta miƙo ta rufe ƙofa ba ko sai anjima. Arlene tana ƙirga ƙullin sosej ɗaya bayan ɗaya. Gida goma, duk yana cikin firiza, ba a taɓa ba.

Saura Dolores Kieffer, ƙawarta tun firamare. Dolores ta buɗe ƙofa da fara'a.

"Ke tsohuwa, bana kin ƙure gwaninta! Ranar Lahadi muka cinye tas. 'Yata Heidi ta zo, kin san tun da cikin nan ya shiga wata shida ba abin da ke zama mata, amma naki guda uku ta tashi da su."

Arlene ta faɗa mata a tsaye, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ambaci sunan Vern ba. Dolores ta dafa ƙofa. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"To a kai ta asibiti a gwada ta."

"Ba a gwada mai rai haka, Dolores."

"To yaushe za mu sani?"

"Wataƙila ba komai. Sun ce ba ta taɓa..."

"Yaushe, Arlene?"

"Shekaru. Ban sani ba."

Daga cikin falo Heidi ta ɗaga murya: "Mama, Goggo Arlene ce? Ce mata in da saura a ajiye min."