Makullin Liman

Kamfanin da nake wa aiki a Jos yana da wata al'ada mai kyau, ba zan hana shi wannan yabon ba. Duk shekara ana ba ma'aikaci 'yan kwanaki, albashinsa na tafiya, ya je ya yi wa jama'a aikin sa kai. Wasu su share asibiti, wasu su yi wa firamare fenti. A shekarar da nake magana aka ce babban abu za mu yi: rijiyar burtsatse a wata unguwa da ke arewacin gari, inda wata kwata ta raba Musulmi da Kirista tun rikice-rikicen baya. Kamfani ya biya masu haƙa, mu kuma muka ɗauki jidar bulo da kwaɓa siminti, muka gina ɗakin inji da ginshiƙin ɗora tanki, daidai bakin kwatar.

Wanda ya fi kowa ɗaukar aikin da zafi shi ne akantanmu. Ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen unguwar Jos Jarawa, gajere mai tumbi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai har gobe bai raba "ya" da "ta" ba. Ni ɗan Anguwan Rogo ne, unguwar Hausawa Musulmi, don haka Malam yake ce mini, ni kuma in ce Akanta. In na ɗauko bulo ina nishi sai ya ce, "Malam, ajiye kar ka mutu, matarka zai kama ni."

Shi ya fara hango matsalar makulli. Ɗakin injin kwaɗo ɗaya gare shi, kuma a wurin nan duk wanda ya riƙe makulli shi ne mai rijiya. Akanta ya yi ta zirga-zirga tsakanin limamin wannan tsallake da dattijon coci na wancan, har aka yi ittifaƙi: makulli biyu, a miƙa wa dattawan biyu a lokaci guda, a gaban kowa. Ya sanar da manajanmu, wani sabon zuwa daga Legas da ke zaune a Rayfield, unguwar masu hali. Oga ya ce ya ji, idonsa na kan waya.

Ranar buɗewa na biya na ɗauki Akanta a motata. Matarsa ta rako shi bakin ƙofa. Ƙaninta ya mutu a wani rikici a baya, tun daga nan ba ta son jin mijinta ya nufi ɓangarenmu. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Malam, ga shi nan lafiya na ba ka. Ka dawo mini da shi lafiya."

Na yi dariya na ce ai ko tumbinsa ba zai ragu ba.

An sa taron da hantsi. Jama'a suka cika, an kafa rumfa, mu muna sanye da farar riga mai tambarin kamfani, amma babu oga. Bai iso ba sai da aka kira azahar. Liman ya ba da haƙuri ya tafi jan salla, mazan ɓangarensa suka bi shi, ni ma na tashi. Akanta ya riƙo hannuna ya ce in tsaya in taya shi lallashin oga, don mutumin ya fara duba agogo.

Muka same shi, na ce, "Oga, a ɗan jira liman ya idar, yanzu zai fito."

Ya ce, "Ina da mitin. Wannan baba ya karɓa, ɗayan ku ba shi daga baya. Key ne kawai fa."

Makulli ne kawai! Har yau in na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci. Ya fizgi ɗaya daga hannun Akanta, ya kira mai hoto. Dattijon cocin kansa ya ja da baya yana cewa a jira ɗan'uwansa, amma oga ya damƙa masa, ya kama hannunsa ya ɗaga sama don hoto ya yi kyau. Matan coci suka rangaɗa guɗa. Daidai lokacin aka sallame salla, mutane suka fito suna sa takalma, suka ga makulli a sama a hannun dattijon wancan tsallake.

Wani ya kwarma ihu, "Sun ba su rijiyar!"

Dutsen farko gilashin motar oga ya samu. Direbansa ya cusa shi ciki, suka fice a guje. Na biyu ya fasa wa wata mai guɗa baki, na ga haƙoranta a ƙasa. Kafin ka ce me, samarin wancan ɓangare sun ɓalle ƙafafun kujeru, na wannan sun fito da gora da adda. Ragowar bulon da muka jida da hannunmu shi aka riƙa farfasawa ana jifa. Rumfa ta faɗo kan mata da yara, ana ta tattake su. Wani tsoho ya zauna daɓas a cikin kwata, jini na bin gemunsa, yana ta salati.

Na ja Akanta na ce mu nufi mota. Ya fizge. Ya zaro makulli na biyu daga aljihu, ya ɗaga sama, ya hau katakon da aka gitta a kan kwatar, ya nufi masallaci da gudu yana ihu, "Ga na liman! Ga nata a nan!"

Babu wanda ya ji shi. Abin da suka gani kawai Ibo ne ya tsallako yana ɗaga hannu. Wani ya sakar masa gora a ƙafa, ya kifa. Suka rufe shi. Na san wasu daga cikinsu, har da wani mai faci da ya sha kwaɓa siminti tare da mu, ya ci biredin da Akanta ya saya. Na kutsa ina zaginsu, ina kiran sunayen iyayensu, na faɗa a kansa na rufe shi da jikina. Duka ya koma bayana. Na ji haƙarƙarina ya yi ƙara. Ina kwance a kansa wani ya sunkuyo da rabin bulo ya buga masa a fuska, ta gefen da ban rufe ba. Ƙarar har yanzu tana kunnena.

Liman ne ya cece mu. Ya shigo yana dukan samarin da sandarsa, tsoho da shi, rawaninsa ya warware, ya tsaya a kanmu ya ce duk mai son ƙarawa ya fara da shi. Sai ga harbin sojoji a sama, kowa ya watse. Da na ɗago, an riga an cinna wa tankin wuta, robar na narkewa tana ɗiga kamar kitse. Ba wanda ya sha ko kofi ɗaya na ruwan.

Wani mai keke Napep ya kai mu asibiti. Sai da ma'aikatan jinya suka ɓamɓare yatsun Akanta kafin su sa masa ruwa, makullin ya huda masa tafin hannu. Suka ba ni. Ya rayu, amma idon hagu ya tafi, kuma an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Matarsa ta yi jinyarsa ba ta taɓa ce mini uffan ba. In na shigo da ɗaurin ƙirjina sai ta tashi ta ba ni kujera, ta fita.

Kamfani ya biya asibiti, gaskiya. Aka mayar da oga Legas. Hoton nan kuwa sai da ya fito a mujallar kamfani ta ƙarshen shekara: oga na murmushi, hannun dattijo a sama, ga Akanta a gefe da idanunsa biyu, hannunsa ɗaya a aljihu. Na yaga shafin a gaban kowa. Makullin na kai wa liman kamar yadda Akanta ya roƙe ni da hannu. Tsohon ya karɓa, ya juya shi, ya fashe da kuka.

Ranar sallama ni na mayar da shi Jos Jarawa. Matar ta riga mu zuwa don ta gyara ɗaki, muka same ta tsaye a ƙofar nan. Na riƙo shi muka fito a hankali, don bai saba auna tudu da ido ɗaya ba. Ya yi ƙoƙarin tsokanata ta tsakanin haƙora, maganar ta ƙi fita. Ta karɓi hannunsa daga nawa, ta dube ni, karo na farko tun ranar.

Ta ce, "Malam, ba haka na ba ka shi ba."