Darasin Mama Tica a Hanyar Farin Gada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 16 ga Yuli, 2025, da hantsi, ina wanke karas a ƙofar gida, Adunni ta kira ni a waya ta ce mahaifiyarta ta cika a asibiti bayan jinyar kwana tara. Ita ce Malama Mosunmola Fasasi, wadda duk Anguwan Rogo muke kira Mama Tica. Shekarunta saba'in da huɗu. An kai ta makwancinta bayan la'asar, ana yayyafi.

Mama Tica, waɗanda kika koyar shekara talatin da biyar a firamare za su faɗi nasu, kuma sun fi ni iya tsara magana. Ni ɗalibarki ce da ba ta taɓa zama a aji ba. Na fara riƙe biro ina da shekara arba'in da ɗaya. Abin da na sani shi zan rubuta, kuma ba na shakkar ko kalma ɗaya a ciki.

Lokacin da kika fara sayen kayan miya a teburina, 'yata Suwaiba tana shekara goma sha biyu. Sanƙarau ya kama ta a aji biyar, Allah Ya tashe ta, amma ya tafi da jinta gaba ɗaya. Da yara suka fara kwaikwayon muryarta sai ta daina magana, ta koma rubutu a wani ɗan littafi. Mahaifinta direba ne, sai ya yi mako biyu yana hanya. Ni kuwa ko sunana ban iya ganewa a takarda ba. Duk abin da ta rubuta sai na ɗauka na fita neman mai karanta mini, in faɗi amsa a rubuta mata.

Wata rana ta miƙo mini littafin da sauri. Na tsorata, na yi zaton ciwon ne ya dawo. Ko mayafi ban gyara ba na ruga shagon telan da ke kusa da mu. Bawan Allah ya fara karantawa da ƙarfi, akwai maza uku a kan benci, sai ya tsaya a tsakiya ya sunkuyar da kai. Maganar girma ce ta zo mata, irin wadda 'ya mace ke gaya wa uwarta kaɗai. Suwaiba tana tsaye a zaure tana kallon fuskokinsu. Daga ranar ta ɓoye littafin. Wata huɗu muna gida ɗaya, muna cin tuwo kwano ɗaya, ban san abin da ke ranta ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Ke kika lura. Kina zaɓen tumatir kika ce, "Iya Suwaiba, ina littafin yarinyar nan?" Na ba ki labari ina kuka. Ba ki lallashe ni ba. Kika ce akwai ajin manya da safe. Na ce da safe nake zuwa kasuwar Farin Gada saro kaya, in na fasa ba za mu ci ba, da yamma kuma ina teburi. Kika tambaye ni, "A ƙafa kike zuwa?" Na ce a ƙafa, a keke napep nake dawowa saboda kaya. Kika ce, "To ai kin sami aji."

Ban gane ba sai bayan mako guda. Dama likita ya sa ki tattaki kullum saboda hawan jini. Sai kika bar hanyarki kika bi tawa, tun daga bakin layinmu har kasuwa, waya a bakinki, kina karanta duk rubutun da ke bango da ƙofar shago, kina naɗa. Sau huɗu kika yi tafiyar kafin ta yi miki yadda kike so. Kika sa Adunni ta zuba a memori, kika kawo mini tare da igiyar kunne, wadda yara ke kira iyafis. Kika kafa mini doka ɗaya: "Kunne ɗaya nawa, ɗaya na masu keke. In suka buge ki ban san abin da zan gaya wa mijinki ba."

Duk wanda ya san hanyar Bauchi da sassafe ya san kusan kowa da abin da yake saurare. Ɗaliban jami'a suna tafe suna kaɗa kai da kiɗansu. Dattawa suna riƙe da ƙaramar rediyo a gefen kunne suna jin labaran duniya. Wata tana jin tafsiri, wata waƙar coci, wasu 'yan mata suna jin littafin soyayya da ake karantawa a waya, har ka ga mutum yana murmushi shi kaɗai. Ni ma na shiga cikinsu da kwandona. Maƙwabta suka ɗauka wa'azi nake ji, har wata ta yaba mini. Ba su san abin da ke kunnena ba shi ne: "Iya Suwaiba, ina kwana? Kin fito? Oya, bismillah. Tsaya a shagon Sale mai walda. Dubi ƙofarsa. Harafin farkon nan mai lanƙwasa kamar maciji, ki riƙe shi da kyau, shi ne farkon sunan 'yarki."

Da yake yawancin allunan shaguna da Turanci ne, kin yi ta mita a cikin naɗin. Inda ba ki sami Hausa ba, kin roƙi masu gida uku suka bar ki kika rubuta kalmomi da gawayi a katangarsu. Ruwan sama ya wanke, kika koma kika sake. Ina jin numfashinki a wurin hawa. Ina jin kina amsa gaisuwar tsofaffin ɗalibanki. Akwai inda wani mai keke ya kusa taka ki, kika wanke shi tas da Hausa da Yarabanci, kika manta waya tana naɗa. Wannan wurin na fi haddacewa.

Mun sha wahala da farko, domin ke tafiyarki ta hankali ce, ni kuma ƙafata ta saba da sauri. Kina cewa in dubi shagon mai magani, ni na riga na wuce shi da falwaya uku. Na zo na ce abin ba ya yi. Kika ce, "Ba abin ba ne, ke ce kike gudu kamar an biyo ki. Ki yi tafiyar tsohuwa." Na koyi tafiyarki. Sai na riƙa fita da wuri don kada kabeji mai kyau ya ƙare kafin in isa.

A wata na uku na isa wani shago inda muryarki ke cewa, "Ana sayar da ƙanƙara." Na ɗaga kai na maimaita kamar kullum, sai na ga abin bai zauna ba. Na mayar da naɗin baya, na sake dubawa. Na tsaya a wurin har mutane suna kauce mini. Da na dawo na tarar da ke a teburina, na ce, "Mama Tica, akwai kuskure. Abin da kike faɗi ba shi ne a allon ba. Na ga kamar aski aka rubuta." Kika ajiye jakarki kika tafa hannu, har yaran layi suka taru. Ashe mai ƙanƙara ya tashi, mai aski ya kama shagon, kin sani tun mako biyu kika yi shiru kina jira. Kika ce, "Da haddace muryata kike yi. Yau kin yi karatu." Washegari kika kawo mini biro da littafi, kika ce saura hannu.

Maganar farko da na rubuta wa Suwaiba ita ce "yi haƙuri". Ta cika rabin shafi, ta karkace kamar za ta faɗi. Na ajiye a kan katifarta na fita. Kwana biyu suka wuce. A na uku na tarar da tsohon littafinta a cikin kwandona, ta rubuta da manyan baƙaƙe yadda zan iya bi. Na kai kusan awa guda a kan layi biyu, amma ban kai wa kowa ba.

Ni mai yawan fargaba ce, kin sani, kin sha yi mini faɗa a kai. Har yanzu in Suwaiba ta fita sai na tsaya a ƙofa, domin ba ta jin odar mota. Amma tsoron da ya fi cin raina, in mutu ban san 'yata ba, kin cire mini shi. Yau shekarunta goma sha takwas, tana koyon ɗinki, kuma mun cika littattafai goma sha ɗaya. Muna faɗa a ciki, muna shiryawa a ciki, har gulma muna yi.

Ranar da Adunni ta kira ni, Suwaiba tana ɗaki ba ta san abin da ya faru ba. Na goge hannuna na shiga, na ɗauki biro na rubuta mata cewa Mama Tica ta rasu. Da a da ne, da sai na nemo wani daga waje ya shigo tsakaninmu da wannan labari. Muka zauna mu biyu, muna kuka muna miƙa wa juna littafi, har muka ci shafi huɗu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Ayodeji da Adunni da Mujidat, da jikokinta, da 'yan'uwanta na nan Jos da na Ogbomosho, da dukan waɗanda suka bi ta hannunta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu haƙuri. Ya Allah Ka jiƙan baiwarka Mosunmola, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Kowane taku da ta yi a waccan hanya saboda ni da 'yata, Ka sa ta tarar da shi a mizani. Ka sa Aljanna ce makomarta, Ka kyautata namu zuwan.

Kafin in aika da wannan takarda na ba Suwaiba ta karanta. Ta karɓi biron ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ta ce kada in goge, don haka na bar shi yadda ta sa: "Ni ban taɓa jin muryar Mama Tica ba. Allah Ya sa in ji ta a Aljanna, in gode mata da bakina."

Amin.

Lantana Shitu
Anguwan Rogo, Jos